Tambayoyi da Amsoshi Kan Kujerar Ƙari ta Ɗakin Tuƙi da Gatan Tafiyar Ma'aikatan Jirgin Sama

Zariya ta daɗe da sanin matuƙa jirgin sama, domin tun a 1964 aka kafa Kwalejin Koyon Fasahar Jiragen Sama a garin, kuma har yau mutanen Palladan da Hanwa da Samaru suna jin ƙarar ƙananan jiragen horo a saman gidajensu. Sai dai horon ne yake nan, aikin yana Legas da Abuja da Kano, ko ma a ƙetare. Tambayoyin da ke ƙasa su ne waɗanda ɗalibai da iyayensu da iyalan matuƙa suka fi yi game da yadda mutum zai zauna a wani gari ya yi aiki a wani.

Mece ce kujerar ƙari, kuma don me aka saka ta a jirgi?

Kujera ce mai naɗewa da ke cikin ɗakin tuƙi, a bayan kyaftin da mataimakinsa, wadda matuƙa ke kira jamsit. A jirage irin su Boeing 737 da Airbus A320 akan sami ɗaya ko biyu. Tana da bel nata da takunkumin iskar shaƙa da abin sauraro na kunne, saboda wanda ya zauna a kanta yana jin duk maganar da ake yi da masu ba jirage umarni daga ƙasa. Ba don tafiyar kyauta aka ƙera ta ba. An saka ta ne domin jami'in hukuma mai duba aikin matuƙa, da malamin da ke jarraba su, da sabon matuƙi da aka ce ya fara kallon yadda ake aiki kafin a damƙa masa tuƙi. Matuƙin da yake neman a rage masa hanya shi ne na ƙarshe a wannan jeri, kuma duk wanda ke samansa ya zo, dole ya tashi. Akwai kuma wasu kujeru masu naɗewa kusa da ƙofofi, amma waɗannan na ma'aikatan cikin jirgi ne.

Shin matuƙi zai iya zama da iyalinsa a Zariya alhali tashar aikinsa tana Legas?

Zai iya, idan yarjejeniyar aikinsa ba ta wajabta masa zama kusa da tashar ba, amma ya kamata ya san abin da ya ɗauko. Filin jirgin Zariya na horo ne, jiragen haya masu jadawali ba sa tashi daga cikinsa. Saboda haka tafiyar ba daga jirgi take farawa ba, daga Kwangila take farawa: kimanin kilomita 80 zuwa Kaduna, ko kimanin 150 zuwa filin jirgin Malam Aminu Kano, ko kuma ya je Rigasa ya hau jirgin ƙasan Abuja da ya fara aiki a 2016, sannan ya nemi gurbi a jirgin Legas. Duk wannan a lokacinsa na hutu zai yi shi, kuma da kuɗin aljihunsa.

Abin da ya sa mutane suke jure haka ba ɓoyayye ba ne. Hayar gida a Ikeja ba ɗaya take da ta Tudun Wada ba, akwai tsofaffin iyaye da ba sa son barin Birni, akwai yara a makaranta, akwai matar da take aiki ko karatu a Jami'ar Ahmadu Bello. Waɗannan hujjoji ne masu nauyi, ba wanda zai raina su. Abin da na fi so mai karatu ya riƙe shi ne, kamfani ba ya ƙidaya wannan tafiya a cikin aiki, amma jikin mutum yana ƙidaya ta.

Mene ne bambanci tsakanin wannan da tafiyar da kamfani ya tura ma'aikaci?

Bambancin babba ne, kuma mutane da yawa suna haɗa su. Idan kamfani ne ya ce wa matuƙi ya hau jirgin Kano a matsayin fasinja don ya je ya tuƙa wani jirgi daga can, to wannan aiki ne: kujerarsa tabbatacciya ce, kuma ƙa'idojin Ƙungiyar Kula da Zirga-zirgar Jiragen Sama ta Duniya, wato ICAO, sun ɗauki wannan lokaci a matsayin lokacin aiki, ba hutu ba. Irin wannan ma'aikaci har fasinjan da ya biya kuɗi ana iya saukewa dominsa. Haka ta faru a Shikago ranar 9 ga Afrilu, 2017, lokacin da aka jawo wani fasinja da ƙarfi daga jirgin United Express don a ba ma'aikata huɗu wuri, abin da ya jawo wa kamfanin tofin Allah tsine daga ko'ina.

Wanda kuwa yake tafiya daga gidansa zuwa tashar aiki bisa zaɓin kansa ba shi da wannan matsayi. Yana jiran abin da ya rage ne, kuma ba a sauke kowa dominsa.

Yaya musayar gatan rage wa matuƙa hanya take tsakanin kamfanoni?

A Amurka ne tsarin ya fi kafuwa, saboda ƙasar tana da faɗi kuma matuƙanta da yawa suna zaune nesa da tashoshinsu. Kamfanoni sukan sa hannu a yarjejeniya cewa matuƙan wannan za su iya hawa jirgin wancan ba tare da biyan kuɗin tikiti ba, su ma na wancan haka, kuma ƙungiyar matuƙa ta ALPA, wadda aka kafa a 1931, tana da kwamitocin da ke kula da wannan al'amari. Ya yi kama da abin da aka sani a tasha, inda direba ba ya karɓar kuɗin mota daga ɗan'uwansa direba, don ya san gobe shi ma zai buƙata.

Harin 11 ga Satumba, 2001 ya kusa kashe tsarin. An rufe ɗakunan tuƙi ga matuƙan wasu kamfanoni, kuma zuwa 2003 an wajabta ƙofofi masu sulke a manyan jiragen fasinja. Daga baya aka fito da wani tsarin kwamfuta mai suna CASS, wanda ma'aikacin bakin ƙofa zai shiga ya tabbatar cewa mai neman kujerar har yanzu ma'aikaci ne a kamfanin da ya ambata, ya ga hotonsa, sannan a gabatar da shi ga kyaftin tare da lasisinsa da takardar shaidar lafiyarsa da katin aikinsa. Ko a can ma, wannan izini na zama a ɗakin tuƙin wani kamfani galibi a tafiyar cikin gida ya tsaya. Idan jirgin zai ƙetare iyaka, sai dai a ba baƙon matuƙi kujera a cikin fasinjoji in akwai.

To a Najeriya fa?

Kada ɗalibi ya karanta labarin matuƙan Amurka a intanet ya ɗauka haka abin yake a ko'ina. A mafi yawan ƙasashe, har da tamu, magana tana komawa ga abu biyu: ƙa'idojin hukumar ƙasa, da kundin aikin kowane kamfani. Hukumar Kula da Sufurin Jiragen Sama ta Najeriya, wato NCAA, ita ce mai tsara ƙa'idojin a nan, kuma asalin hukuncin shi ne ba mai shiga ɗakin tuƙi sai ma'aikacin da ke kan aiki, ko wakilin hukuma mai bincike, ko wanda kundin aikin kamfanin ya yarda da shi. Ma'ana, lasisin tuƙi shi kaɗai ba ya buɗe ƙofar jirgin kowa. Matuƙin da zai fara aiki da Max Air ko Air Peace ko Rano Air ko wani kamfani ya nemi a nuna masa a rubuce abin da aka tanadar wa ma'aikata na tafiya, da kuma ko akwai yarjejeniya da wasu kamfanoni, tun kafin ya yanke shawarar inda zai ajiye iyalinsa. Alkawarin baki daga abokin karatu cewa zai riƙa ɗaukarsa ba abin gina rayuwa a kansa ba ne, domin zanen aro ba ya rufe katara.

Idan takarduna sun cika, kyaftin yana iya hana ni?

Ƙwarai kuwa, kuma ba sai ya ba da dalili ba. Shi ne mai alhakin jirgin da duk ran da ke ciki, kuma kujerar roƙonta ake yi. Yana iya ƙi saboda nauyin jirgin ya kai iyaka, musamman a tsakar ranar bazara a Kano ko Sakkwato, lokacin da zafi ke rage wa jirgi ƙarfin ɗaukar kaya. Yana iya ƙi don ana horar da mataimakinsa a ranar, ko don yanayi ba shi da kyau yana son natsuwa, ko don hankalinsa bai kwanta da mutumin ba.

Ladabin abin sananne ne a wajen masu sana'ar. Mutum ya zo da wuri cikin shiga ta kamala, ya gaishe da ma'aikatan bakin ƙofa da na cikin jirgi, ya isa ga kyaftin da kansa da takardu a hannu ya ce, “Ranka ya daɗe, ina neman alfarmar a rage mini hanya zuwa Legas idan babu matsala.” Ko da an ba shi kujera a cikin fasinjoji, sai ya nemi wannan izini, kuma idan an sauka ya tsaya ya yi godiya. Wanda aka hana ya ce ba komai ya koma layi. Jayayya a bakin ƙofa ba shi kaɗai take cutarwa ba, tana iya sa a rufe ƙofa ga duk abokan aikinsa.

Me ake buƙata daga wanda ya zauna a kujerar?

Ana ɗaukarsa tamkar ƙarin ma'aikaci, don haka dokokin da suka hau kan masu tuƙi sun hau kansa, ciki har da nisantar duk abin da ke gusar da hankali. Zai saurari bayanin yadda ake fita idan an sami gaggawa da yadda ake sa takunkumi. Daga lokacin da jirgi ya fara motsi har ya wuce ƙafa 10,000, haka kuma wajen sauka, ba a yin hirar da ba ta shafi tuƙi ba, ƙa'idar da Amurka ta mayar doka a 1981, kamfanonin duniya kuma suka ɗauka. Amma shirun ba na kurma ba ne: idan ya hango wani jirgi, ko ya ji an ba da umarnin da matuƙan ba su ji daidai ba, wajibinsa ne ya faɗa.

Tarihi ya nuna amfanin hannu na uku. Ranar 19 ga Yuli, 1989, jirgin United mai lamba 232 ya rasa dukan na'urorin sarrafa shi bayan injinsa na wutsiya ya tarwatse. Wani malamin horar da matuƙa mai suna Denny Fitch, wanda yake cikin fasinjoji, ya shiga ɗakin tuƙi ya riƙe maƙuran injuna biyun da suka rage, da su aka lallaɓa jirgin har filin Sioux City, inda mutum 184 cikin 296 suka tsira. Haka kuma ranar 28 ga Oktoba, 2018, wani matuƙi da ba ya kan aiki yana zaune a kujerar ƙari ta jirgin Lion Air daga Bali zuwa Jakarta, ya taimaka aka gane cewa wata na'ura ce take danna hancin jirgin ƙasa, aka kashe ta, suka sauka lafiya. Washegari wannan jirgin dai ya sake samun matsalar a hannun wasu matuƙa, ya faɗa teku da mutum 189.

Idan haka ne, me ya sa ake tsananta shiga?

Saboda wanda ke bayan matuƙa yana iya kai hannu ga abubuwan da za su halaka jirgi. Ranar 7 ga Afrilu, 1994, wani ma'aikacin FedEx da ya hau jirgin kayan kamfanin a Memfis a matsayin mai neman ragin hanya ya far wa matuƙa uku da guduma. Sun yi nasarar danne shi suka sauke jirgin, amma raunukan da suka ji sun raba su da tuƙin jiragen haya. Ranar 22 ga Oktoba, 2023, wani matuƙi da ke kujerar ƙari a jirgin Horizon Air ya yi yunƙurin jan hannayen da ke kashe injuna, aka hana shi, aka karkatar da jirgin zuwa Portland.

Akwai kuma haɗarin da ba mugunta a cikinsa sai sakaci. A Maris na 1994 wani matuƙin Aeroflot ya ɗora 'ya'yansa a kujerar tuƙi a hanyar Mosko zuwa Hong Kong, ɗan ya taɓa sitiyari har wani ɓangare na na'urar tuƙi da kai ya saki ba tare da an lura ba, mutum 75 suka mutu. Wannan ita ce amsar da za a ba ɗan'uwan da ya ji haushi don an ƙi shigar da shi ya ga yadda ake tuƙi.

Ina babbar illar zama nesa da tashar aiki?

Rashin barci. A ganina wannan ita ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a shafin nan, kuma ita ce matasa suka fi tsallakewa. Ranar 12 ga Fabrairu, 2009, jirgin Colgan Air mai lamba 3407 ya faɗi kusa da Bafalo a jihar New York, mutum 50 suka rasu, ɗaya daga cikinsu yana cikin gidansa. Mataimakiyar matuƙin tana zaune ne a yankin Siyatil, kusan kilomita 3,900 daga tasharta ta Newark, kuma ta kwana tana tafe a jiragen ɗaukar kaya ta hanyar Memfis kafin ta iso aiki. Kyaftin ɗin yana zaune a Florida, kuma ba wanda yake da masauki a Newark a cikinsu. Hukumar binciken haɗurra ta Amurka ta ɗora musabbabin faɗuwar a kan kuskuren da kyaftin ya yi lokacin da jirgin ya yi gargaɗin rasa gudu, ta kuma ce mai yiwuwa gajiya ta rage musu kuzari, ko da yake ba ta iya auna iyakar tasirinta ba.

Bayan wannan haɗari aka sake dokokin hutu a Amurka. Daga Janairun 2014, dole a ba matuƙin jirgin fasinja hutun awa 10 kafin aiki, wanda a cikinsa akwai damar barcin awa 8 ba yankewa, kuma dole ya tabbatar da kansa cewa ya cancanci tuƙi a ranar. Amma dokar ba ta hana kowa zama nesa ba, ba ta kuma bin mutum ta ga ko a kan gado ya yi hutun ko a kan hanya. Nan ne amana ta shigo. Matuƙin da ya bar Zariya bayan sallar asuba, ya sha hanyar Kaduna, ya yi jira a Abuja, ya isa Legas da la'asar ya shiga cunkoson Ikeja, sannan ya karɓi jirgin dare, takarda za ta nuna ya huta, alhali ya fi awa goma sha biyu a farke kafin ya taɓa komai. Fasinjojin da ke bayansa ba su san wannan ba, kuma ba su yarda da shi ba. Hanyar da ta dace ita ce ya tafi tun jajibiri ya kwana a tashar, ko da hakan zai cinye masa kwana guda na gida. Shi ya sa matuƙa sukan haɗa kuɗi su kama ɗaki kusa da filin jirgi suna kwana bi da bi, kuma wannan haya tana cikin lissafin da ya kamata a yi tun farko.

Ɗana ya zama matuƙi. Mu iyayensa za mu riƙa hawa jirgi kyauta ke nan?

Allah ya sanya albarka, amma kyauta zalla ba ta cika samuwa ba, kuma kujerar ƙari ba ta iyali ba ce sam. Abin da kamfanoni da yawa suke bayarwa shi ne tikitin rangwame ga ma'aikaci da matarsa ko mijinta da 'ya'ya, wani lokaci har da iyaye, bayan ma'aikacin ya cika wani wa'adi a aiki. Wanda aka fi sani shi ne ID90, wato ragin kashi 90 cikin ɗari, sai ID50 mai ragin rabi, wanda sau da yawa kujerarsa tabbatacciya ce. Tsakanin kamfanonin duniya kuma akwai yarjejeniyar ZED, inda ake yanka kuɗi gwargwadon zangon nisa, kuma sai kamfanin ɗanku yana cikinta za ku amfana. A kowane hali ana biyan haraji da kuɗin filin jirgi.

Sharaɗin mai tsanani shi ne jiran gurbi. Ba a kiran mai irin wannan tikiti sai duk wanda ya biya cikakken kuɗi ya shiga, sannan a jera masu jira bisa matsayi da daɗewa a aiki, ma'aikatan kamfanin a gaba, baƙi a baya. A makon Sallah ko ƙarshen shekara mutum yana iya wuni a filin jirgi ya koma gida. Dattijon da zai je ganin likita ko ɗaurin aure a rana tsayayya, a saya masa tikiti cikakke ya fi.

Gatan ya shafi Hajji da Umara?

Rangwamen tikiti ba ya maye gurbin biza. Ma'aikacin da ke kan aiki yana shiga ƙasa ne da sunansa a takardar ma'aikatan jirgin, amma wanda ya hau da tikitin rangwame fasinja ne, sai ya cika duk sharuɗɗan Saudiyya kamar kowa. Jiragen alhazai kuwa shata ce da Hukumar Alhazai ta Ƙasa take tsarawa, kujerunsu na maniyyatan da aka yi wa rajista ne.

Zan iya sa sunan abokina ko in sayar da rabona?

A'a. Sayar da tikitin ma'aikata ko rubuta wanda ba iyali ba a matsayin iyali laifi ne da ake korar mutum a kansa, haka ma amfani da shi wajen fatauci. Duk abin da wanda ya hau da sunanka ya aikata a jirgi, kai za a tambaya.

Ni ɗalibi ne a kwalejin Zariya. Katina zai sa a ba ni kujerar?

Katin ɗalibi ba ya ba da wannan dama, haka ma lasisin da ka fito da shi matuƙar ba ka kama aiki da kamfani ba. Idan har aka shirya wa ɗalibai tafiyar gani da ido, ta hanyar takarda take zuwa tsakanin makaranta da kamfani, da sunan kowa a rubuce. Kada ka sa wani babba da ka sani a cikin matsala ta hanyar roƙonsa ya shigar da kai ta bayan fage, domin lasisinsa ne zai shiga haɗari.

Idan ban sami gurbi ba har lokacin aiki ya kure, me zai faru?

A ƙa'ida laifin naka ne, tunda kai ka zaɓi wurin zamanka. A Amurka yarjejeniyoyin ƙwadago da dama suna kare matuƙin da ya nuna ya tanadi jirage biyu da za su kai shi a kan lokaci amma duka suka kuɓuce masa, sai dai a yanke masa kuɗin aikin da ya rasa. Inda babu irin wannan tanadi a rubuce, fashi ne kawai, kuma maimaita shi yana kai mutum ga takardar gargaɗi ko sallama.

Mazaunin Zariya yana da ƙarin abin lura guda biyu. Na farko shi ne hazon hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, wanda yakan sa a jinkirta ko a soke jirage a Kano da Kaduna, sai fasinjojin jirgi biyu su taru a ɗaya, gurbin masu jira ya ɓace. Na biyu shi ne ƙarancin jiragen da ke tashi daga Kaduna idan aka kwatanta da Abuja, ta yadda wanda na farko ya kuɓuce masa ba lalle ya sami na biyu a ranar ba. Saboda haka a irin waɗannan watanni ya ajiye kuɗin cikakken tikiti a gefe, ya duba yawan kujerun da suka rage tun daren jajibiri, kuma da zarar ya ga alamar ba zai isa ba ya kira ofishin tsara jadawalin ma'aikata nan take, domin su sami lokacin kiran matuƙin da ke zaman jiran ko-ta-kwana kafin fasinjoji su fara hawa.